Kamfanin da ya tsara mana yawon mota a Sikotlan, da daren da muka makara a Skye

Da farko zan faɗi alherinsu, don suna da shi. Ni da uwargida muka yanke shawarar yin hutu a Sikotlan a ƙarshen Satumba, mu yi hayar mota mu tuƙa kanmu, muna kwana a irin gidajen nan da mai gida ke ba ka ɗaki ya haɗa maka da karin kumallo. Ban taɓa tuƙi a wata ƙasa ba, shi ya sa na miƙa wa wani kamfanin shirya tafiye-tafiye ya tsara komai. Sun yi min bayani tun da wuri cewa baƙo na iya tuƙi a Birtaniya da lasisin ƙasarsa har tsawon wata 12, kuma masu ba da hayar mota ba za su saki makulli ba sai da katin kiredit mai ɗauke da sunan direban, don a kansa suke riƙe kuɗin jingina. Wannan gargaɗin ya yi amfani, domin a gabana aka juya wani bawan Allah a filin jirgin Edinbara, katin da ya miƙa na matarsa ne. Gidajen da suka zaɓa mana kuwa, masha Allah, tsaf-tsaf. Da a nan abin ya tsaya da na ce kowa ya neme su.

To amma akwai ranar da suka rubuta mana mu tashi daga Inverness, mu bi ta Applecross, mu kwana a kusa da Portree a tsibirin Skye. A takardarsu an sa cewa tuƙi ne na rabin yini, har da shawarar mu tsaya mu ɗauki hoto a fadar Eilean Donan. Wanda ya rubuta wannan, na rantse a kan taswira ya auna hanyar, bai taɓa riƙe sitiyari a kanta ba.

Hanyar Applecross ta kan dutse take bi, wurin da ake kira Bealach na Bà. Tana hawa har mita 626, a wasu wuraren tsayuwar hawan ta kusa kashi 20 cikin ɗari, ga kwanoni masu kaifi a can sama, ana gama wannan a shiga wancan. Faɗinta na mota ɗaya ne tak. A gindin dutsen ma akwai allo da ke gargaɗin cewa hanyar ba ta masu koyon tuƙi ba ce, ba kuma ta manyan motoci ba. Ko kalma ɗaya a kan wannan babu a takardar da kamfanin ya ba mu. Abin da suka rubuta kawai shi ne hanya ce mai ban sha'awa, ɓangare ce ta zagayen North Coast 500, mai mil 516, wanda aka ƙaddamar a 2015. Gaskiya ne tana da ban sha'awa, amma mutumin da bai gama sabawa da tuƙi a hannun hagu ba ai ya cancanci a gaya masa abin da zai tarar.

Irin waɗannan hanyoyi suna da 'yan wuraren raɓewa jefi-jefi a gefe. Idan mota ta taho, wanda ya fi kusa da wurin shi zai tsaya. In wurin yana hagunka ka shiga, in yana damanka ka tsaya daidai saitinsa ɗayan ya shiga ya kewaye ka. Mai gangarowa ake so ya ba mai hawa hanya, kuma in wani ya matso ka ta baya sai ka raɓe ya wuce. Duk wannan a kan dutsen na koye shi, daga hannun wani direba da ya sauke gilas ya yi min bayani cikin mutunci. Muna kusa da ƙololuwa hazo ya sauko, ba ka ganin abin da ya wuce 'yan taku. Wata doguwar motar masu yawon buɗe ido ta ɓullo daga kwana, dole na yi ribas a kan gangara, rami na gefe guda, ina lalubar giya da hannun hagu, kuloci na wari. Uwargida ta riƙe hannun ƙofa tana ta salati, can ta ce, "Maigida, don Allah in mun sauka kada mu sake biyowa ta nan." Hakan aka yi, da za mu fita muka zagaya ta hanyar bakin teku ta Shieldaig, wadda ta fi tsawo nesa ba kusa ba, ita ma mota ɗaya take ci, ga tumaki kwance a tsakiyar kwalta ba su san da zaman hon ba.

A doka ana iya gudun mil 60 a awa a irin wannan hanya, ina jin da shi aka yi mana lissafi. A zahiri ko rabinsa ba ka samu.

Rana ta faɗi wajen ƙarfe 7 ba mu ko kai gadar Skye ba, kuma daga gadar zuwa Portree akwai sama da mil 30. A nan hankalina ya tashi sosai, don gidan da za mu sauka ya rubuta cewa ana karɓar baƙi daga ƙarfe 4 zuwa 6 na yamma. Waɗannan gidaje ba otal ba ne da za ka tarar da ma'aikaci zaune a kanta tsakar dare. Gidan mutum ne, shi ne mai shara, shi ne mai girki, da asuba zai tashi ya ɗora abinci. Na so in kira tun da rana, babu sabis a yawancin hanyar. Da sabis ya dawo na kira lambar gaggawa ta kamfanin, na'ura ce ta amsa, wai an tashi daga ofis.

Sai bayan ƙarfe 9 muka isa, na riga na shirya wa kwana a mota. Kafin in kashe inji ƙofa ta buɗe, wata dattijuwa ta fito da tocila da rigar sanyi, ta nuna min inda zan ajiye motar. Na fara ba ta haƙuri ta katse ni, ta ce tun da ta ji ta inda aka turo mu ta san ba za mu iso da wuri ba, ba mu ne na farko ba. Ta san gidajen abinci sun rufe kicin a wannan lokacin, don haka ta ɗumama mana miyar ganye da dankali, ta yanko burodin da ta gasa da kanta, ta ajiye butar shayi. Ɗakin da ɗumi, har da jakar ruwan zafi a cikin bargo. Ban san lokacin da idona ya ciko ba. Ba ta karɓi ko kwabo a kan abincin nan ba, duk da na matsa.

Muna cikin ci ta miƙo takardar zaɓen karin kumallo, a nan wani ɓacin ran ya taso. Tun ranar da na biya kuɗi na rubuta wa kamfanin cewa ba ma cin naman alade, suka amsa da cewa an sanar da duk gidajen. Ita dai ba a gaya mata ba. Cikakken karin kumallon Sikotlan kuwa kusan rabinsa alade ne, ga wani baƙin tsiran da ake yi da jini. Baiwar Allahn nan ta ce kada mu damu. Da safe ta kawo mana fate na alkamar oat da zuma, ƙwai da kifin salmon mai hayaƙi, tumatir da naman kaza, ta kuma gaya mana da bakinta cewa a kasko daban ta soya namu. Sannan ta zauna da biro ta gyara mana sauran tafiyar, ta soke wurare biyu, ta ce mu fita ta jirgin ruwan Armadale zuwa Mallaig mu bi ta Fort William da Glencoe, mu kuma sha mai duk inda muka ga gidan mai, kada mu jira tanki ya yi ƙasa. Ita ta kira gidan da ke gaba ta gaya musu zancen abincinmu. Aikin da na biya kamfani ya yi, wannan dattijuwa ta yi shi kyauta a kan teburin cin abinci.

Yanzu da nake rubutu ma sai abin motar ya dawo min, raina ya sake ɓaci. Otomatik na nema, na kuma biya ƙarin kuɗinta, don na san canza giya da hannun hagu zai raba min hankali a shataletale. A filin jirgi aka ce takardar da kamfanin ya turo mai giyar hannu ta nuna, kuma otomatik sun ƙare, da ma ba su da yawa a can. Da wannan motar na yi ribas ɗin nan a cikin hazo. Da na dawo na rubuta musu ƙorafi a kan abubuwa uku. Amsarsu ita ce lokutan da suka sa ƙiyasi ne kawai, zancen abinci kuma suna ba da haƙuri, na mota kuwa suna bincike. Har yau ana bincike, kuɗina bai dawo ba.

Na fara da cewa suna da alheri, amma gaskiya ba zan sake ba su ko sisi ba, kuma ba zan tura musu ɗan'uwa ba. In Allah ya sake kai ni, ni zan kama gidajen da kaina, in rubuta wa kowace mai gida kai tsaye in gaya mata abin da muke ci da lokacin da za mu iso, in tambaye ta awa nawa hanyar ke ci a wurin baƙo. Motar kuma sai na ga kalmar otomatik a rubuce a takardar masu hayar kansu kafin in biya.