Ciki da falo a kan Bahar Rum: kwana bakwai ni da Hajiya

Tun da Hajiya ta zo mana ziyara daga Kano nake neman inda zan kai ta ta buɗe ido ba tare da gwiwarta ta wahala ba. Shekarunta sun haura 70, tafiyar minti goma a ƙasa sai ta nemi wurin zama. Yayana ne ya kawo shawarar jirgin ruwan yawon shaƙatawa, ya ce a nan za ta kwanta a wata ƙasa ta wayi gari a wata, akwatinta na wuri ɗaya. Muka haɗa kuɗi ni da shi muka kama ɗakin alfarma, wanda su suke kira suite, ni kuwa ciki da falo nake ce masa, don shi ne ainihin abin da yake. Mu uku muka tafi: Hajiya, ni, da ɗana ɗan shekara 9. Jirgin ya tashi daga Barcelona cikin watan Afrilu, ya tsaya a Marseille, Genoa, Naples, Messina da Valletta, ya yi wuni guda cur a tsakiyar teku, sannan ya mayar da mu inda ya ɗauke mu. Sifaniya, Faransa, Italiya da Malta duk suna cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, don haka bizar da Hajiya ta shigo da ita ta wadatar.

Kuɗin ya ninka na ɗaki mai baranda fiye da sau biyu, har sai da na yi ta juya maganar a raina kafin in biya. Tun a tasha na fara ganin abin da muka saya. Dubban mutane ne a layi, ya yi ta lanƙwasa kamar na tantance alhazai, mu kuwa aka nuna mana wata ƙofa daban, aka kawo wa Hajiya keken turawa, aka zaunar da mu a wani falo da shayi har aka gama duba fasfo. Ba mu yi rabin awa ba muna cikin ɗakinmu. A wurin binciken kaya ne kawai aka riƙe wani abu: kaskon turaren wutan Hajiya da 'yar ledar gawayinta. Ba a yarda da duk abin da ke kama da wuta a jirgi ba, ko kyandir, ko dutsen guga. Hajiya ba ta ji daɗi ba, amma da na ce mata gobara a kan ruwa babu inda za a gudu, sai ta ce, "Gaskiya ne, 'yar nan, a bar musu." Suka ba mu takardar shaida. Humra da turaren fesawa babu wanda ya taɓa.

Ɗakin ya kai murabba'in mita 40, wato ninki biyu na ɗakunan da na leƙa a ƙasa. Uwar ɗaka da babban gado, ƙofa mai zugewa, sai falo da doguwar kujera da ake buɗewa ta zama gado da daddare, teburin cin abinci, da wani lungu na rataye kaya da ya ɗauke akwatunanmu uku bai cika ba. Barandar tana da kujerun kishingiɗa biyu da tebur. Wannan ƙofa mai zugewa ita ce ta fi min komai daraja. Hajiya na kwanciya da wuri ta tashi tsakar dare, yaro kuma yana son kallo. A ƙaramin ɗaki da tun dare na biyu an takura wa juna. A nan ta ja ƙofarta ta yi lazuminta, shi yana falo, ni ina tsakani. Bangon duk ƙarfe ne aka rufe da ado, shi ya sa 'yan ƙugiyoyi masu maganaɗisu da na taho da su suka manne, muka rataye hijabai da carbi.

Wannan ƙarfen ne kuma ya ruɗa mana alƙibla a ranar farko. Na buɗe manhajar waya, kibiyar ta yi ta yawo, ta nuna gabas ta nuna yamma. Hadimin ɗakinmu ne ya warware mana. Ɗan Indonesiya ne, Musulmi, ya ce watansa bakwai rabonsa da gida. Ya kunna wata tasha a talabijin da ke nuna taswira da inda hancin jirgi ya dosa, ya koya min lissafi: a wannan yanki na Bahar Rum alƙibla tana gabas ne ta ɗan karkata kudu, in ka san inda jirgi ya fuskanta ka san inda za ka shimfiɗa dadduma. Falon ya ɗauki dadduma uku ba tare da mun matsar da komai ba. Muka riƙa yin ƙasaru, ranar da ruwa ya yi ƙarfi Hajiya ta yi tata a zaune. Buta dai ku taho da abarku, ba za ku samu a can ba.

Hidimarsa ta kwanta min a rai. Mun tarar da kwalbar giya ta maraba a cikin ƙanƙara a kan tebur, firij ɗin ma cike da irinta. Kallo ɗaya ya yi wa Hajiya, ya ba da haƙuri, ya kwashe, ya cika mana da ruwa da lemo da madara. "Mama" yake ce mata, ita kuma "yaron kirki". Da ya lura ba ta shan shayi sai da citta, kullum bayan asuba sai ga fulas na ruwan zafi da yankakkiyar ɗanyar citta da zuma, ba tare da an sake tuna masa ba.

Masu irin ɗakinmu suna da gidan cin abincinsu daban, ba layi, ba hayaniya, ana zuwa lokacin da aka ga dama. Sau ɗaya na kai ɗana babban wurin ɗibi-da-kanka da rana, na ga mutane riƙe da faranti suna zagaye neman kujera, na gode wa Allah ban kawo Hajiya nan ba. Na rubuta musu tun makonni kafin tafiya cewa naman halal muke ci, sun tanadi kaza da rago, amma sai an faɗa musu tun ana gobe za a ci. Sauran ranaku kifi muka ci da shinkafa da taliya. Ga bakin Bahaushe abincin salam yake. Hajiya ta taho da yajinta a 'yar roba, shi ya ceci tafiyar.

Kafin jirgi ya tashi dole kowa ya je a nuna masa wurin taruwarsa idan hatsari ya faru, da yadda ake saka rigar ceto. Alamar ita ce ƙaho gajere sau bakwai da dogo ɗaya. A nan babu mai ɗakin alfarma babu mai ƙaramin ɗaki. An tsaurara dokar ne bayan jirgin Costa Concordia ya kife a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya a watan Janairun 2012, mutum 32 suka rasu.

Sai abin da bai yi min daɗi ba, kuma laifin rashin tambaya ne tun farko. Ɗakinmu yana can sama, kusa da goshin jirgi, daidai ƙarƙashin benen da wurin ninƙaya yake. Irin waɗannan ɗakuna a sama ake yawan sa su saboda kallo, amma duk yadda ka yi sama ka yi gaba, haka jijjigar jirgi take ƙaruwa. Daren farko tsakanin Barcelona da Marseille muka ratsa mashigin tekun Lion, inda iskar nan mai sanyi da Faransawa ke kira mistral take saukowa daga arewa. Jirgin ya riƙa ɗaga kai yana saukewa, ƙofofin sif suna bugawa, ɗana ya yi amai sau biyu, Hajiya ta riƙe gefen gado tana ta salati. Da na sauka tsakiyar jirgi karɓo maganin jiri, sai na ji can ƙasa kusan lafiya lau ake. Na biyu, kullum wajen ƙarfe shida na safe ma'aikata suna jan kujeru a samanmu suna wanke bene, ƙarar na shigowa daidai lokacin da Hajiya ke son komawa barci. Na yi ƙorafi, suka ba da haƙuri, aka rage kwana biyu, aka koma. Na uku, banɗakin kwamin wanka ne mai tsayin baki, ƙafar Hajiya ba ta iya tsallaka shi, sai na riƙe ta kullum. An kawo mana kujerar wanka da tabarmar roba, amma shawa mai shiga kai tsaye ita ta dace da dattijai.

Kada kuma a ɗauka an biya komai. Akwai kuɗin hidima da ake cirewa kullum a kan kowane mutum. Yawon da suke shiryawa a gari daban ne, hoto daban, kantuna daban. Katin buɗe ɗaki shi ne kuma katin sayayya, ba ka jin fitar kuɗi sai daren ƙarshe, don haka na hana a yi sayayya da na ɗana. Wayarku kuma ku kashe mata layi da zarar an bar gaɓa, domin kira da intanet ta tauraron ɗan'adam suke bi, tsadar ba kaɗan ba ce. Wata mata da muka saba da ita ta nuna min nata ɗakin da aka sayar mata da sunan ƙaramin suite: ɗaki ɗaya ne mai ɗan faɗi da labule a tsakiya, babu hadimi, babu gidan abinci na daban. Sunan kawai ta saya. A nemi a ga jerin abin da ɗakin ya ƙunsa a rubuce kafin a biya.

Matashin da zai fita gari tun safe ya dawo da dare ya faɗa gado, ban ga dalilin da zai kashe wannan kuɗi ba, ɗaki mai baranda ya ishe shi. Hajiya kuwa sau biyu kacal ta sauka a kwana bakwai. Ɗaya a Valletta, inda wata lifta mai tsayin mita 58 ta ɗauke ta daga bakin ruwa zuwa lambun Barrakka a saman ganuwa, ta kuma ji mai kanti yana ƙirga canji da harshen Malta, tana tsintar hamsin da sittin a ciki, ta yi ta mamaki. Sauran duniyar daga baranda ta gan ta. A nan ta ga dutsen Vesuvius a bayan Naples, a nan ta ga mashigin Messina inda Sisili da sauran Italiya suka matso kusa har kana ganin motoci a ɓangare biyu.

Daren da muka bar Naples, ina barci na ji ta taɓa ƙafata. "Ke 'yar nan, tashi ki ga ikon Allah." Ta tashi nafila ne ta ɗaga labule. Muka fita baranda cikin bargo, iska na kaɗa mana hijabi, ko'ina baƙi ƙirin, ba ka bambance sama da ruwa. Can nesa sai wani ja ya tashi a kan tsibirin Stromboli, dutsen nan mai aman wuta, ya watsu kamar an hura garwashi, ya lafa. Muka jira shiru, ya sake. Ta daɗe tana tasbihi a tsaye, hannunta a kan ƙarfen baranda, ta manta da gwiwa. Hadimin ya ce washegari mutane da yawa sun kwana a saman bene cikin sanyi suna jiran wannan, ita taku biyar ta yi daga daddumarta.

Idan Allah ya sake nufa, ciki da falon zan kuma kama mata, amma a tsakiyar jirgi, a hawan da yake da ɗakunan kwana a samansa da ƙasansa, mai shawa ba kwami ba. Ranar sauka an fitar da mu a sahun farko. A bakin ƙofa na miƙa takardar nan, aka ɗauko kaskon Hajiya a cikin leda da lambar ɗakinmu a jiki, gawayinta ko ɗaya bai ɓata ba.