Saƙon reno ta waya: ya yi mini rana, amma ina da ƙorafi

A wurin awo ne wata nas ta karɓi lambata ta sa ni a tsarin nan da ke turo wa masu goyo saƙon murya ta WhatsApp. Ban ɗauke shi a bakin komai ba. Haihuwata ta uku fa, wa zai koya mini reno?

Sai daren da Ummi, tana wata takwas, ta kama zawo. Kafin asuba na sake mata kunzugu sau biyar, idanunta sun zurma, maɗiga ta faɗa. Inna, uwar maigidana, ta leƙo ta ce zawon haƙori ne, da safe a jiƙa mata saiwa. Ban musa mata ba, amma na lalubo wani tsohon saƙo na kara a kunne: fakitin ORS ɗaya, wato garin gishiri da sukari na masu zawo, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba yaro da cokali kaɗan-kaɗan, kada a janye nono, a haɗa da ƙwayar zinc har kwana 10 ko da zawon ya tsaya. In maɗiga ta faɗa kuwa, a tafi asibiti. Abban Ummi ya je ya buga wa mai kemis ƙofa, gari na wayewa muka hau Keke daga Bolari sai asibiti. Nas ta ce ruwan da na yi ta ɗura mata ne ya sa ba sai an yi ƙarin ruwa ba. Da muka dawo Inna ta ce, "Ashe wayar taki ba hira kaɗai take yi ba, 'yar nan."

Don wannan kaɗai da na ce masu tsarin su sha yabo. To amma a daren na tura musu tambaya hannuna na rawa, amsa ba ta zo ba sai bayan kwana biyu, wai "mun gode da saƙonki". Godiyar me? Tunin allurar wata tara, ta ƙyanda da shawara, shi ma sai da muka yi ta da sati uku ya iso. Da shi na dogara da mun makara.

Maganar abinci kuma, kullum ƙwai da kifi da hanta, kamar mai maganar ba ta taɓa shiga Babbar Kasuwar Gombe ba. Kunun gyaɗa da waken suya da zogalen da ke bayan ɗakina sau ɗaya aka ambace su. Ga cin data, har Abban Ummi ya fara mita. Ban goge lambar ba tukuna, amma katin rigakafi na maƙale a bakin madubi, shi nake dubawa.