Maimaita Naka Ko Aron Na Wani?

Mai tsara kiɗan fim idan lokaci ya ƙure masa, ko dai ya koma rumbunsa ya ɗauko tsohon sauti, ko ya miƙa hannu cikin na wani.

Ta farko kamar ba laifi, ai kayanka ne. Sai dai sau da yawa kamfanin da ya biya kuɗin aikin shi ke da haƙƙin mallaka, ba mai kiɗan ba. Ga kuma abin da ya sami Nino Rota ɗan Italiya: a 1973 an janye sunansa daga takarar Oscar kan kiɗan The Godfather, don an gano sautin soyayyar ciki ya riga ya yi amfani da shi a Fortunella, fim ɗin barkwanci na 1958. A can da sauri ake kaɗa shi, a nan ya ja shi a hankali har ya koma mai sa kewa. Wannan a ganina gwaninta ce, ba lalaci ba. Abin dariya, bayan shekara biyu an ba shi kyautar kan kashi na biyu na The Godfather.

Aro kuwa ya fi haɗari. An daɗe ana yi wa James Horner, mai tsara kiɗan fim ɗan Amurka, gori kan yadda kiɗansa na fim ɗin Aliens na 1986 ya bi sawun Khachaturian, mai tsara kiɗa ɗan Armeniya. Mu ma mun sani a Kannywood: karin waƙar Indiya sukutum, a ɗora baitocin Hausa a kan fiyano, ba izini ba ambaton mai shi. Ban ƙi aro ba, muddin za a rubuta sunan mai kayan, a biya shi.