Yanar ido mai tauri: aikin na'ura ko aikin hannu?

Malama, kin ce yanar idon mahaifinku ta daɗe har ta koma ruwan ƙasa, likita ya ce da hannu zai cire ta, ba da na'urar da ake kira fako ba, kina tambaya ko an zaɓa masa na baya ne. Allah ya ba shi lafiya. A irin wannan idon, sau da yawa likitan ne ke da gaskiya.

Fako, wanda Charles Kelman ya ƙirƙiro a 1967, ana shiga ne ta kafar da ba ta wuce milimita 2.2 zuwa 2.8 ba. Tsinin na'ura yana farfasa yanar da girgizar sauti, a zuƙe ta, a tura lens mai naɗuwa, wato ɗan gilashin roba da zai maye gurbinta, cikin jakar da yanar ta fito. Aikin hannu kuwa ana yanka hanya ce ta kusan milimita 6 zuwa 7 a farin ido, a fito da ƙwallon yanar ɗungurungum. Yankan yakan rufe kansa, galibi babu ɗinki. A yana mai laushi fako ya fi saurin warkewa, kuma ba ya karkata siffar ido sosai, don haka buƙatar tabarau takan ragu.

Tauri ne ke juya lissafin. A bayan koniya, wato gilashin gaban ido, akwai shimfiɗar ƙwayoyin da ke tsotse ruwa don ta kasance garau. Babban mutum yana da kimanin 2,500 a kowace murabba'in milimita, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Yana mai tauri tana cin ƙarfin na'ura da lokaci, ɓarɓashinta na bugun waɗannan ƙwayoyin. Idan suka ragu zuwa wajen 500, koniya ta kumbura ta yi hazo, wani lokaci sai an yi dashe. Zafin tsinin ma yana iya ƙona bakin kafar. Aikin hannu ba ya amfani da wannan ƙarfin ko kaɗan, shi ya sa ya fi sauƙi ga idon da ƙwayoyinsa suka riga suka yi ƙaranci.

Sai jakar. Bayanta siriri ne ƙwarai, a tsohuwar yana kuma babu wani laushi da ya rage tsakaninta da ƙwallon. Idan ta yage ana cikin fako, gutsure na iya faɗawa can cikin ido, sai an kira likitan retina, wato shimfiɗar gani da ke bayan ido, ya yi aiki na biyu. A aikin hannu ma tana yagewa, musamman lokacin ɗago ƙwallon, amma faɗawar gutsure ba ta cika faruwa ba tunda ba a farfasa shi. Haka in zaruruwan da ke riƙe da jakar sun yi rauni, saboda tsohon bugu ko wata cuta mai zubar da farin gari a kan jakar: kowace hanya aka bi, mai yiwuwa a saka zobe cikin jakar, ko a ɗora lens ɗin a wani wuri.

Kada a ɗauka fako ba ya iya yana mai tauri. Ƙwararre mai na'ura mai kyau yana yi lafiya lau. Ku tambayi likitan wanne ya fi sabawa da shi a irin wannan yanar, kuma ko an duba ƙwayoyin koniyar.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: idan Baba yana shan tamsulosin don wahalar fitsari, ko ya taɓa sha, lallai a faɗa kafin ranar aiki. Maganin yana sa baƙin ido ya saki, ya riƙa lilo yana leƙowa ta kafar, ƙofar tsakiyarsa kuma ta tsuke ana cikin aiki. Daina shan sa ba ya gyara wannan, amma likitan da ya sani zai tanadi ƙugiyoyi ko zoben buɗe ta.

Bayan aiki, ko wace hanya aka bi, idan ciwo yana ƙaruwa, ido ya yi ja, gani yana raguwa a makon farko ko na biyu, a koma asibiti a ranar, kada a jira ranar da aka rubuta. Ƙwayar cuta a cikin ido tana iya cinye gani cikin kwana ɗaya ko biyu.