Tabon kuraje: sinadarin saɓe fata ko microneedling?

Tabon da ya yi baƙi kawai, babu rami, sinadari ya fi dacewa da shi: salicylic mai ƙarfin kashi 20 zuwa 30, a shafa na 'yan mintuna a wanke, a maimaita bayan mako 2 zuwa 4. Wanda ya lotsa kuwa sai microneedling, ƙananan allurai masu tsawon milimita 1.5 da ke sossoka fata don ta cike kanta, zama 3 zuwa 6, wata guda tsakani. Ba a yin sa kan ɗanyen ƙurji, yaɗa shi yake yi.

Ga baƙar fata, sinadarin ya fi haɗari. In ya yi ƙarfi, ko aka shiga ranar Gombe ba man kariya daga rana mai lambar ƙarfi SPF 30, tabon ƙara duhu yake. Mai shafa man bilicin, fatarta ta riga ta yi rauni, ta fara ganin likitan fata tukuna.