Gargaɗi: Naira dubu 870 na biya, aka kawo mini fanko

Jama'a, kwana huɗu ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Naira dubu 870. Kwamfuta na saya da su aka damfare ni. Kuɗin zanen gidaje biyu ne da na tara tun bayan ƙaramar Sallah, har da dubu 150 da Hajiyarmu ta cika mini, ta ce in sayi na kirki in huta.

Zanen gini nake yi, a Kubwa nake zaune. Duk mai taɓa Revit da Lumion, manhajojin zanen gini, ya san ƙaramin laftof ba ya ɗaukar wannan aiki, hoton gida ɗaya sai ya kwana yana fitowa, fanka tana kuka kamar injin markaɗe. Shi ya sa na nemi babbar kwamfutar tebur, HP Z840 ta hannu, mai furosesa Xeon guda biyu, RAM 64GB, katin sarrafa hoto Quadro P4000 mai 8GB, da ma'ajiyar fayil, wato SSD, 1TB. Sau biyu ina zaga Banex, kasuwar kwamfuta ta Abuja. Z440 mai furosesa ɗaya na yi ta gani, wadda nake so kuwa sai a ce in ajiye kuɗi a yi oda. To ni ga mai aiki ya matsa mini.

A Facebook na ga tallar mutumin. Hausarsa tsaf, ya ce sitonsa na wajen Mararaba. Kuma kada wani ya zo yana ce mini na yi garaje, ban yi ba. Kiran bidiyo muka yi, ya buɗe Task Manager, inda Windows ke nuna kayan cikin kwamfuta, na ga soket biyu, wato furosesa biyu, da idona, na ga 64GB, na ga P4000. Na tambaye shi wata da ya sa miliyan ɗaya da dubu ɗari, sai ya ce: "Injiniya, tsakani da Allah kada ka ɓata kuɗinka, wannan ta ishe ka." Wannan maganar ce ta kashe ni. Wane ɗan damfara ne zai hana ka kashe kuɗi a wurinsa? Har yanzu ina jin muryarsa, "kada ka ɓata kuɗinka". A nan na saki jiki.

Ranar Laraba na tura rabi, dubu 435. A'a, Talata ce, don Laraba yaronsa ya kawo ta. Kafin nan ma ya taɓa katse waya ya ce an tayar da ikama zai kira ni in an idar, kuma ya kira. Yaron ya iso da yamma a motar haya, ba wuta a layinmu tun safe, direba na ta danna hon. Shi kuma mai sayarwar ya bugo: "Yallaɓai, ka duba a natse, garanti wata uku ne." Na ɗaga murfin gefe, na ga baƙar robar nan da ke rufe cikinta, komai fes, ga nauyi kamar buhun siminti rabi. Na tura sauran dubu 435 a tsaye bakin ƙofa.

Da dare aka kawo wuta. Soket ɗaya. RAM 16GB. Na ce ko wani abu ne ya girgiza a hanya, kun ji fa, har lokacin uzuri nake ba shi. Lumion kuwa ko buɗe aikina ya kasa. Na kira, waya a kashe. Washegari ya toshe ni a WhatsApp, tallar ma ta ɓace.

Wani mai gyara a Banex ne ya cire robar, sai ga gurbin furosesa na biyu wayam. Katin kuma, Windows na cewa P4000, amma da ya sa GPU-Z, manhajar da ke nuna ainihin katin, sai ga 2GB: tsohuwar Quadro K620 ce, suna kawai aka sauya mata a cikin Windows. Abin da ya fi ƙona mini rai, ya juya bayanta ya ce, "Oga, P4000 ramin DisplayPort huɗu gare ta, wannan ɗaya ne da DVI." Leƙawa kawai da na yi! Ni da nake wa mutane bayanin kwamfuta. SSD ɗin ma na bogi ne, yana nuna 1TB, da ka wuce wajen 120GB sai fayil ya lalace. Wato wadda ya nuna mini a bidiyo daban, wadda ya aiko daban.

Dubu 870. Mai gyaran ya ce in na samu mai saye dubu 250, in gode Allah.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na rubuta wa bankina. Sunan da ke asusun ma ba shi ne sunan da ya gaya mini ba, ya ce na ƙaninsa ne, na yarda. Hotunan hirarmu da rasit biyun duk suna nan, zan saka su da zarar na rufe lambobina.

Ba wuta, kada ku biya. Ku kunna da kanku, ku sa CPU-Z, mai duba furosesa, da GPU-Z, ku cire robar ku ƙirga furosesa.

Asabar mai aikin zai zo karɓar zanensa. Hajiya kuma jiya ta tambaye ni ko sabuwar na'urar tana gudu, na ce mata eh.