Takobin gwaji na sojan dokin Ingila da na saya a gwanjo: dillali ya goge mini tarihinsa

Shekara huɗu ina neman ɗaya daga cikin takubban gwajin da rundunar sojan Birtaniya ta ƙera tsakanin samfurin 1899 da na 1908 (ana kiran kowane samfurin takobi da shekarar da aka amince da shi), saboda haka da na ga wani dillalin kayan tarihi a nan Ingila ya fito da ɗaya a gwanjon intanet, ban tsaya dogon tunani ba. Kuɗin da na zuba zai iya saya mini samfurin 1908 na gama-gari har guda uku, kuma na biya da zuciya ɗaya, domin hotunan da ya ɗora sun nuna abin da kowane mai tara irin wannan kaya yake fara dubawa: tambarin da ke gindin ruwan takobin, wato alamar kibiya ta gwamnati, da kambin sarauta da lambar jami'in da ya duba aikin a ƙarƙashinsa, da kuma shekara. Tsatsa ta ɗan ci wurin, amma ana iya karanta komai.

Ya kamata mai karatu ya san dalilin da waɗannan 'yan alamomi suke da nauyi haka. Sojan dokin Birtaniya ya shafe ƙarni na 19 yana gardama kan tambaya guda, shin takobi na sara ne ko na suka. Samfurin 1796 da wani hafsan sojan doki, John Le Marchant, ya tsara lanƙwasasshe ne mai faɗi, na sara zalla, sannan waɗanda suka biyo baya suka yi ta ƙoƙarin haɗa aikin biyu a ruwa ɗaya ba tare da sun gamsar da kowa ba. A yaƙin Sudan na 1884 zuwa 1885 an yi ta kukan takubba da banati, wato wuƙaƙen da ake ɗaurawa a bakin bindiga, suna lanƙwashewa a fagen fama, a yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902 kuwa mahaya suka koka da mariƙin samfurin 1899 mai zamewa a hannu. Daga nan aka kafa kwamitoci, aka riƙa ƙera takubba kaɗan-kaɗan ana raba wa wasu rundunoni su gwada, har aka tsaya kan samfurin 1908, miƙaƙƙe siriri wanda tsawon ruwansa inci 35 ne, na suka kawai, wanda Sarki Edward na Bakwai ya ƙi jinin kamanninsa kafin ya amince da shi. Waɗancan na tsakiya da ba a ɗauka ba su ne muke nema, kuma tunda ba su da yawa, babu abin da yake raba na gaskiya da wanda aka harhaɗa daga baya sai tambari.

Ranar da kayan suka iso na shimfiɗa tsumma a kan tebur, na zare takobin daga kubensa a hankali, sai na ga ruwan yana walƙiya kamar madubi. Gabana ya faɗi tun kafin in juya shi zuwa gindi. Dillalin ya sa injin goge ƙarfe ya bi ruwan tun daga tsini har gindi bayan an kammala ciniki, wai don ya faranta mini. Alamar kibiya ta rage ɗan layi guda, kambin ya shafe gaba ɗaya, shekarar kuma sai na karkata ruwan a gaban fitila, na sa gilashin ƙara girma, sannan nake ganin inuwar lamba ɗaya. Da na shafa yatsa a wurin, ƙarfen ya yi ɗan kwari inda injin ya daɗe, kuma har lokacin akwai baƙin man gogewa maƙale a mahaɗar ruwa da garkuwar hannu. Tsatsar da ta shekara fiye da ɗari ba ta iya cinye wannan rubutu ba, mutum ɗaya ya kawar da shi cikin 'yan mintoci.

Na rubuta masa a daren. Amsarsa ta zo da ladabi, ya ce yawancin masu saye sun fi son kaya mai sheƙi, kuma zai mayar mini da kuɗina idan na mayar da takobin. Maganar kuɗi ba ita ce ta dame ni ba, kuma na gaya masa haka.

Sai da aka yi kwana uku kafin in iya ɗaukar takobin ba tare da ɓacin rai ba, kuma a nan ne ra'ayina ya fara sassautawa. Mariƙin bai taɓu ba, garkuwar hannun ma haka. Da na riƙe shi na miƙa hannu, babban yatsana ya zauna da kansa a ɗan gurbin da aka yi masa, ruwan ya daidaita da damtsena kamar mashi, nan take na gane abin da nake karantawa shekara da shekaru: mahayi ba ya buƙatar ya kai sara, gudun doki ne yake kai tsinin. Wannan tunani ne ya kai Amurka ga samfurin 1913 da hafsan sojanta George Patton ya tsara, wanda aka ƙera a ma'aikatar makamai ta Springfield ana ɗaure shi a jikin sirdi. Ina da ɗaya daga cikinsu, kuma da na jera su biyu a kan tebur na ga yadda ƙasashen biyu suka isa wuri guda a daidai lokacin da bindiga mai sarrafa kanta take shirin kawo ƙarshen sukuwar dawakai a yaƙi. Don wannan kaɗai na fasa mayar da shi.

Amma makon jiya na kai shi wurin wani dattijo da ya daɗe a wannan harka, ya juya shi a hannu, ya duba gindin, ya ce siffar ta yi daidai da ta gwaji, sai dai ba zai iya sa hannu a takarda ya tabbatar ba tunda shaidar ta tafi. Haushin ya dawo mini sabo. Yanzu abin da nake da shi shi ne takobin da kuma hotunan gwanjon da na adana, na buga su na ajiye tare da kuben. Ba zan sake saye a wurin wannan dillali ba, kuma duk wanda zan yi ciniki da shi nan gaba, sai ya rubuta mini cewa ba zai taɓa ruwan da komai ba kafin in tura ko sisi.